Zumunta a Ƙafa Take: Abin da Ziyarar Matan Ayalan Zuwa Lahor Ta Koya wa Manyan Kurket



Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba mu san wani wasa da wannan magana ta zauna a kansa daram kamar wasan kurket ba. A ƙwallon ƙafa, ƙasa takan je wa ƙasa a buga wasan dare ɗaya a watse. Kurket kuwa tun asalinsa a kan ziyara aka gina shi. Ƙungiyar wata ƙasa takan ɗaura kaya, ta sauka a ƙasar abokan karawarta, ta yi mako biyu ko uku, ta ci abincinsu, ta buga jerin wasanni a filayensu, sannan ta yi sallama bisa fahimtar cewa su ma wata rana za su rama ziyara. Abin da za mu tattauna yau shi ne ziyarar da ƙungiyar matan Ayalan ta kai Pakistan a watan Nuwamban 2022. Ra'ayinmu a kanta shi ne, ƙaramar ƙasar nan ta sauke wani nauyi da manyan ƙasashen wasan suka daɗe suna zamewa daga ɗaukarsa, kuma wasan mata ba zai tsaya da ƙafarsa ba matuƙar ana barin mai ƙarfi ya zaɓi gidan da zai taka da wanda zai ƙi.

Da yake da yawa daga cikinmu ba da wannan wasa muka tashi ba, bari mu ɗan share hanya. Kowace ƙungiya mutum 11 ce. Ɗaya tana jifan ƙwallo tana tsaron fili, ɗayar tana bugu da faifan katako tana tara maki, sannan a yi musanya. Ana ƙirga jifa ne zubi-zubi, kowane zubi jifa 6. A nau'in da ake kira wasan yini guda, kowace ƙungiya tana da zubi 50, wato jifa 300, sai dai in an fitar da masu bugunta 10 kafin zubin ya cika. Akwai gajeren nau'i mai zubi 20 da ake gamawa cikin sa'o'i uku, akwai kuma dogo wanda mata ke bugawa kwana huɗu. Wasan yini guda shi ne na tsakiya, kuma da shi ake gasar cin kofin duniya ta mata, wadda aka fara a Ingila a 1973, shekara biyu kafin ta maza. Mai bugun da ta tara maki 100 ita kaɗai a wasa ɗaya, ta yi abin da ake rubutawa a tarihi.

To, matan Ayalan, ƙarƙashin kyaftin ɗinsu Laura Delany, sun sauka Lahor a karo na farko da ƙungiyarsu ta taɓa zuwa Pakistan. An shirya wasannin yini guda uku da gajeru uku, dukkansu a filin wasa na Gaddafi. A wasan farko, ranar 4 ga Nuwamba, masu buɗe bugun Pakistan biyu, Sidra Ameen da Muneeba Ali, suka tara maki 221 kafin a raba su. Muneeba ta samu 107. Sidra ta tsaya tun jifar farko har ta ƙarshe ba a fitar da ita ba, ta tashi da 176. Pakistan ta kammala da 335, ta yi nasara da ratar maki 128. A wasa na biyu mai bugu ɗaya kaɗai baƙin suka iya fitarwa kafin masu gida su cim musu. A na uku Ghulam Fatima, mai jifan murɗe, ta fitar da mutum 5 ita kaɗai. Pakistan ta lashe jerin 3 da 0. Da aka koma gajerun wasanni sai reshe ya juye da mujiya, Ayalan ta ci biyu cikin uku ta tafi gida da nata rabon.

Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce wasa ne aka yi, wani ya ci wani ya faɗi. Amma sai an waiwayi baya ake sanin nauyin wannan ziyara.

Ƙungiyar matan Pakistan ba hukuma ce ta kafa ta ba. 'Yan'uwa biyu ne mata, Shaiza Khan da Sharmeen Khan, 'ya'yan wani attajirin dardumai na Karaci, waɗanda suka koyi wasan a lokacin da suke karatu a Ingila. Sun sha barazana da ƙiyayya a gida kafin su iya tara 'yan mata su fita da su a farkon 1997 zuwa Nuzilan da Ostareliya. Abin da suka gamu da shi a can sai mai taurin zuciya. A wasansu na biyu, a birnin Kiraiscoc, Nuzilan ta tara 455, su kuwa aka fitar da su duka a kan 47, ratar maki 408. A Melbon, Ostareliya ta fitar da su a kan 23. Suka je gasar kofin duniya a Indiya a ƙarshen wannan shekarar, ba su ci wasa ko ɗaya ba. Shekara huɗu suna yawo a gidajen mutane ana ba su kashi.

Nasararsu ta farko ta zo ne a watan Afrilun 2001, kuma a lura da inda ta zo. Matan Holan ne suka kawo musu ziyara Karaci aka buga wasanni 7, masu gida suka ci 4. Bayan shekara uku, a 2004, ƙungiyar Wes Indis ta tsibiran Karibiyan ta zo Karaci, a nan ne Kiran Baluch ta tara maki 242 a dogon wasa, adadin da ya kafa tarihi a wasan mata na duniya baki ɗaya. Ba mu ɗauki wannan a matsayin katari ba. A kurket, ƙasar fili tana da tasiri ƙwarai, domin ƙwallon sai ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu. Filayen Pakistan busassu ne, ƙwallo ba ta tashi sama sosai, sun dace da masu jifan murɗe. Filayen Ostareliya masu tauri ne, ƙwallo tana zabura. Na Ingila da Nuzilan suna da ciyawa da laima, ƙwallo tana karkacewa. Wadda ta tashi a ɗaya, in aka kai ta ɗayan, kamar ɗan tudu ne a cikin kwalekwale. Shi ya sa aka tsara ziyara ta zama juyi-juyi, yau a gidanka gobe a gidana, domin kowa ya ɗanɗana daɗin gida da wuyar baƙunci. Ƙungiyar da aka hana ta karɓar baƙi, an ɗauke mata rabin adalcin wasan.

Haka kuwa aka yi wa Pakistan, bisa wani dalili da ba mai musun girmansa. Ranar 3 ga Maris 2009 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar mazan Siri Lanka wuta a kan hanyarta ta zuwa wannan fili na Gaddafi. An kashe 'yan sanda 6 da wasu mutum 2, an raunata 'yan wasa da dama. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke. Maza suka mai da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gidansu na aro, kuma da yake wasan maza yana da kuɗin talabijin, sun iya rayuwa a haka. Mata kuwa, waɗanda hukumar kurket ta ƙasar ba ta karɓi ragamar wasansu ba sai a 2005, shukarsu ko tsiro ba ta gama yi ba aka ɗauke mata ruwa.

A 2014 Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta ƙirƙiro wani tsari mai kyau ga wasan mata. Ta haɗa manyan ƙasashe 8 ta wajabta wa kowace ta buga wasannin yini guda uku da kowace ɗaya, ana tara maki, waɗanda suka zo sama su wuce kofin duniya kai tsaye. Kafin wannan tsari, babbar ƙasa tana iya shekara da shekaru ba ta kula ƙarama ba. Mun yaba da shi, domin ya mai da zumunci wajibi bayan da can ganin dama ne. Sai dai an bar masa ƙofar baya. Dokar ta ce a buga, ba ta tilasta a je ba. Don haka jerin wasannin da aka rubuta a takarda cewa Pakistan ce mai masauki, na Nuzilan a 2017 a Sharja aka buga shi, na Ostareliya a 2018 a Kwala Lamfur ta Malesiya, na Ingila a 2019 nan ma Kwala Lamfur. Indiya kuwa a 2016 ba ta buga ba sam, har ICC ta miƙa wa Pakistan maki 6 na jerin. Ku duba wannan al'amari, jama'a. Mutum ya ce zai zo maka gaisuwa, amma sharaɗinsa ka kama ɗaki a wani gari mai nisa, ka kwashi iyalinka da tukwanenka ka je can ka tarbe shi. Ko da an ci an sha, maƙwabtanka ba su ga kowa ya shiga gidanka ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na 2021. An tsara matan Ingila za su je Rawalpindi a watan Oktoba, su buga gajerun wasanni biyu da na yini guda uku, karon farko a tarihinsu. Ranar 17 ga Satumba mazan Nuzilan, waɗanda suka riga suka sauka, suka janye ana dab da fara wasa, bisa gargaɗin tsaro daga gwamnatinsu. Bayan kwana uku hukumar kurket ta Ingila ta soke tafiyar mazanta da matanta gaba ɗaya, tana kafa hujja da lafiyar jiki da kwanciyar hankalin 'yan wasanta. Jakadan Birtaniya a Pakistan na lokacin, Christian Turner, ya fito fili ya bayyana cewa ofishinsa bai ba da shawarar fasa tafiyar saboda tsaro ba. Abin ya ƙara zafi domin a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, mazan Pakistan sun je Ingila sun zauna a killace makonni, suka buga wasannin da suka ceci hukumar Ingila daga asara mai yawa. Daga baya an biya maza bashinsu, domin mazan Ingila sun je Pakistan sau biyu a 2022. Bashin mata kuwa aka bar shi a rubuce, kuma a watan Mayun 2024 matan Pakistan ne suka sake ɗaura kaya suka tafi Ingila. Alhali matan Ingila su ne suka kafa wannan al'ada tun farko, lokacin da suka hau jirgin ruwa a 1934, ƙarƙashin Betty Archdale, suka yi makonni a teku zuwa Ostareliya da kuɗin aljihunsu.

Mun san abin da mai ja zai ce, kuma maganarsa abar saurare ce. Zai ce rai ya fi wasa, kuma ba wanda yake da ikon tura 'yar wani inda zuciyarta ba ta kwanta ba. Gaskiya ne. Harin 2009 ya faru, iyalan waɗanda suka mutu suna nan. Duk 'yar wasan da ta ce ita kam ba za ta je ba, a ƙyale ta, kada a zarge ta, kada a rage mata matsayi. Amma hukuncin mutum ɗaya daban, hukuncin hukuma daban. Hukuma tana da masana tsaro, tana da gwamnati da za ta tambaya, tana kuma da misalin waɗanda suka riga ta zuwa. Matan Bangaladash sun je Karaci a 2015, suka je Lahor a 2019. Matan Wes Indis sun je Karaci a farkon 2019, suka koma a Nuwamban 2021, wata biyu kacal bayan Ingila ta janye. Siri Lanka, wadda 'ya'yanta aka harba, ta tura matanta Karaci a tsakiyar 2022. Ayalan ta zo a ƙarshen shekarar, Afirka ta Kudu ta biyo a Satumban 2023, Wes Indis ta sake dawowa a 2024. Dukkansu sun buga sun koma gida lafiya. Shin ran 'yar Barbados ko 'yar Dablin ya fi na 'yar Landan araha ne? In muka jera waɗanda suka zo da waɗanda suka ƙi, za mu ga tsoro bai isa ya bayyana bambancin ba. Waɗanda suka zo su ne masu bukatar wasa da maki. Waɗanda suka ƙi su ne masu wadatar da ba abin da zai same su in sun ƙi.

Wani kuma zai ce, ai wasa wasa ne, ko a ina aka buga maki ɗaya ne, ga talabijin ga waya kowa yana gani. Wannan magana ta wanda bai san yadda ake shawo kan iyaye ba ce. A ƙasa irin Pakistan, yarinya ba ta fita wasa sai da yardar gida, kuma yardar gida ba ta samuwa da hoton wani fili a Malesiya. Uba yana so ya ga wurin da idonsa, ya ga shigar 'yan wasan, dogon wando da riga mai rufe jiki, ya ga wasu iyaye irinsa a zaune, ya ga an tashi lafiya kowa ta koma gidansu. Gani ya kori ji. Uwar da ta ga Sidra Ameen ta tsaya sa'o'i fiye da uku a tsakiyar fili a garinsu, ita ce gobe za ta sa baki in 'yarta ta nemi izini. Wasan da aka buga a gida yana barin wani abu bayan baƙi sun tafi: alƙalan wasa da masu gyaran fili da suka ƙara gogewa, 'yan jarida da suka koyi sunayen 'yan wasa, 'yan makaranta da aka kawo kallo.

Kyaftin ɗin Pakistan a wannan jerin, Bismah Maroof, ita kanta hujja ce. A 2021 hukumar kurket ta ƙasarta ta fito da tsarin hutun haihuwa har na wata 12 da albashi, tare da ɗaukar rabin kuɗin tafiyar wanda zai raka mai jego ya riƙe mata jariri. Bismah ta haifi 'yarta Fatima a watan Agustan shekarar, kuma a Maris 2022 ta jagoranci ƙasarta a kofin duniya a Nuzilan, mahaifiyarta tana riƙe da jaririyar. Duniya ta ga hoton 'yan wasan Indiya sun kewaye yarinyar suna yi mata wasa bayan an tashi daga karawar ƙasashen biyu. Abin sha'awa ne, amma mu da muka san ɗawainiyar goyo mun san abin da hoton bai nuna ba, wato wahalar ɗaukar jaririya 'yar wata shida da dattijuwa zuwa ƙarshen duniya. Ga mace mai iyali, kowace tafiya tana da farashin da namiji ba ya biya. In aka ce ƙungiya ta riƙa yin baƙunci har a wasannin da ake kira na gidanta, an ninka wa matan aure da masu goyo wannan farashi, kuma su ne za su fara ajiye wasan.

Ita Ayalan ba a Lahor ta fara wannan hali ba. A watan Oktoban 2021 ita ce ta je Harare ta buga wa matan Zimbabuwe wasannin yini guda na farko da aka amince da su a tarihinsu. Kyaftin ɗin masu gida, Mary-Anne Musonda, ta wuce maki 100 a wasan farko suka yi nasara a gaban mutanensu. A wasan ƙarshe wata 'yar Ayalan, Amy Hunter, ta tara 121 a ranar da ta cika shekara 16, ta zama mafi ƙanƙantar shekaru da ta taɓa yin haka a wasan ƙasa da ƙasa. Mai gida ya samu, baƙo ya samu. Ayalan ba mai kuɗi ba ce a kurket, sai a 2022 ta fara ba matanta kwantiragin cikakken aiki, kuma a shekarar ce aka shigar da ita da Bangaladash cikin tsarin ICC aka zama ƙasashe 10. Wataƙila don ta san zafin jiran baƙon da bai zo ba ne ya sa ƙafarta ba ta yi mata nauyi.

Wannan magana ta kusa zuwa ƙofarmu. A watan Maris 2024, a wasannin Afirka da aka yi a Akra, matan Zimbabuwe sun ɗauki zinare a kurket, matan Nijeriya suka ɗauki tagulla. A Janairun 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Nuzilan da ratar maki 2 a gasar duniya a Malesiya. Duk waɗannan a gajeren nau'i ne. In waɗannan yara za su kai ga wasan yini guda, wata rana sai wata ƙungiya da ta fi su ta yarda ta sauka Legas ko Abuja ta kwana, kuma a ranar za a karanta musu irin uzurorin da aka karanta wa Pakistan: tsaro, zafi, nisa, rashin riba. Abin da aka yarda da shi a kan Lahor yau, shi za a yi wa Afirka ta Yamma hukunci da shi gobe.

Saboda haka muna ganin abu uku sun kamata. Na farko, ICC ta rufe ƙofar bayan nan. In masu binciken tsaro masu zaman kansu sun ce wuri ya yi, kuma gwamnatin baƙi ba ta hana tafiya ba, to ƙungiyar da ta ƙi zuwa ta rasa makin jerin, kamar yadda aka yi a 2016. Na biyu, kada a sake ɗaure tafiyar mata a gindin ta maza, ta yadda in maza sun fasa mata ma sun fasa, in an zo biyan bashi kuma a biya maza a manta da su. Na uku, a ware kuɗi na musamman don tallafa wa ƙananan ƙasashe su karɓi baƙi, domin masauki da tsaro da ɗaukar hoton talabijin suna cin kuɗin da ba kowace hukuma ke da shi ba. A watan Yulin 2023 ICC ta sanar da daidaita kuɗin kyautar gasanninta tsakanin maza da mata, kuma mataki ne mai kyau. Sai dai kyauta tana zuwa ne ga wadda ta kai ƙarshen gasa, ita kuwa yarinyar da ba ta taɓa ganin wasa a garinsu ba ko farkon hanyar ba ta hau ba.

A watan Afrilun 2025 Lahor ta karɓi gasar neman gurbin kofin duniya, ƙasashe shida suka hallara, har da Ayalan. Matan Pakistan, ƙarƙashin Fatima Sana, suka ci wasanninsu biyar duka suka samu gurbi a gaban jama'arsu. Filin da aka ƙaurace wa saboda jinin da aka zubar a hanyarsa ya koma wurin taro, kuma waɗanda suka fara takowa lokacin da manya ke ja da baya suna da kaso a cikin wannan alheri. Saura manyan su tuna cewa wanda kullum ake zuwa gidansa shi ba ya zuwa na kowa, ko ba a faɗa masa ba, ana ƙirga masa.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin zumunci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.